Yatsu goma a tekun Tromso

Tromso gari ne a kan tsibiri, can arewacin Norwe, kimanin kilomita 350 bayan an wuce layin Aktik, wato iyakar yankin ƙarshen arewacin duniya. Wanda ya duba taswira zai ɗauka tekun wurin daskarewa yake yi rabin shekara, amma ba haka ba ne. Akwai ruwa mai ɗan ɗumi da ke tasowa tun daga mashigin tekun Meziko, ya ratso Atilantika, ya bi gaɓar Norwe har can sama, shi ke hana tashoshin jiragensu rufewa. Saboda haka a tsakiyar hunturu za ka ga duwatsu fari fat da dusar ƙanƙara, teku kuwa a buɗe, baƙi ƙirin, ma'auninsa bai wuce digiri 4 ko 5 ba. Mutanen garin ba sa jingine kayak ɗinsu, wato siririn kwalekwalen da ake tuƙawa da filafili, su jira bazara. Shiga suke yi.

Karatu ne ya kai ni jami'ar garin. Wani abokin karatuna ɗan ƙasar ya yi ta janyo ni har na yi kwas ɗin tuƙin kayak tun kafin sanyi ya kankama, na karɓi katin shaidar da suke kira Våttkort, wanda ƙungiyar masu tuƙin kayak ta ƙasar, Norges Padleforbund, ke bayarwa. Yawancin masu ba da hayar kayak na teku sai sun ga katin nan. Daga nan sai dogon dare ya shigo. Rana takan ɓace wa Tromso tun ƙarshen Nuwamba, ba a sake ganin ƙwayarta a cikin gari sai wajen 21 ga Janairu, ranar da yara ke murna ana rabon wani burodi mai zaƙi. Fitarmu ta zo ne a farkon Fabrairu, lokacin da hasken yini ya kai kamar awa biyar. Niyyarmu mu tashi daga gefen tsibirin Kvaloya, mu zagaya ƙaramin tsibirin Hakoya, mu dawo kafin duhu.

Jagorarmu mace ce mai furfura, ba ta da yawan magana. Ni dai Malama nake ce mata, duk da su Norwejiyawa da suna kawai suke kiran kowa, har shugaban jami'a. Da muka taru a bakin ruwa, ma'aunin iska na nuna digiri 6 ƙasa da sifili, ba ta fara da jirage ba. Cewa ta yi kowa ya miƙo hannuwansa.

Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Mai zobe ta ce ya cire, mai agogo ya sassauta ko ya sa a aljihu. Sannan ta duba wuyan hannun rigar kowa. Rigar da ake sawa a irin wannan tafiya gaba ɗaya take daga wuya har tafin ƙafa, ruwa ba ya ratsa ta, kuma a wuya da wuyan hannu akwai roba mai kama fata tsam don kada ruwa ya shiga. Ta sa yatsa ta gwada tawa, ta juya hannuna ta duba ko jijiyoyin bayansa sun kumbura.

"Wannan ta yi daidai," in ji ta. "In ta matse fiye da haka, ko safar hannun zinariya ka saya ba za ta amfane ka ba. Safa ba ta kawo ɗumi, tsare shi kawai take yi. Jini ne ke kawo shi."

Wata baiwar Allah a cikinmu robar rigarta ta matse har yatsunta sun fara sauya launi tun ba a shiga ruwa ba. Malama ta canja mata riga, ta ce sabuwar roba akan zura mata kwalba ta kwana don ta saki, ko a rage bakinta kaɗan da almakashi mai kaifi. A ƙarƙashin rigar kuwa ulu ne, biyu a jere. Auduga ba a ma kawo zancenta, domin da ta sha gumi ta zama abokiyar gaba. Kowa da hular ulu, kowa da rigar ceto, wadda dokar Norwe tun 2015 ta wajabta sa ta a ƙananan jiragen shaƙatawa da ba su kai mita 8 ba.

Sai aka zo batun da masu kayak ba sa gajiya da gardama a kansa: me za a sa a hannu?

Iri uku ta baje a kan murfin akwatin mota. Na farko safar hannu ce mai yatsu biyar, ta robar niyofirin irin ta masu ninƙaya. Amfaninta, in ka faɗa ruwa tana hannunka. Aibinta biyu. In ta jiƙe iska ta buga ta, ruwan da ke bushewa a bayanta yana zuƙe ɗumin hannu. In kuma ka ce bari ka sayi mai kauri, to duk damƙar da za ka yi wa filafili sai ka yi kokawa da robar, kafin awa guda damtsenka ya gaji, kuma matsin ya rage gudun jini. Na biyu safa ce marar yatsu, wadda ke haɗa yatsu huɗu a ɗaki ɗaya suna ɗumama juna, wasu an tsaga tafinsu don fata ta taɓa sanda. Na uku shi ne pogi: wata 'yar jaka da ake ɗaurawa a jikin sandar filafilin kanta, ka zura hannu ta bakinta ka kama sandar da tsirarar fata. Iska ba ta samunka, fantsamar ruwa ba ta samunka, riƙonka kuma na gaskiya ne.

Na zaɓi pogi, kuma har yau ina ganin babu abin da ya kai shi ɗumi muddin kana cikin jirgi kana tuƙi. Amma Malama ba ta bar ni haka ba. Ta miƙo mini siririyar safar niyofirin ta ce in sa a cikin pogin, ta kuma sa na cusa wata mai kauri a aljihun gaba na rigar ceto.

"Pogi na filafili ne, ba naka ba ne," ta ce. "Ranar da jirgi ya kife ka saki filafili, hannunka tsirara yake cikin ruwan digiri huɗu. Ka yi shirin ruwa, kada ka yi shirin iska."

Muka tura jirage. A irin wannan lokaci ne hannu ke fara jiƙewa, wajen riƙe gefen jirgi da ɗaura zanen robar da ke rufe bakin kayak a ƙugun matuƙi. Ta koya mana mu gama komai da safa a hannu, mu bar madaukin zanen a waje inda ido ke ganinsa, sannan kowa ya gwada janye shi sau ɗaya da safar da yake sanye da ita. Wanda ya kasa, ba zai bar gaɓa ba sai ya canja safa. Wannan madauki shi ne ƙofar fita in jirgi ya kife da kai, kanka a ƙasa.

Da muka fita fili, sai na manta da hannu na ɗan lokaci. Rana ta leƙo ta saman duwatsun kudu, ba ta yi sama sosai ba, ta shafa wa ƙwanƙolin duwatsun Kvaloya wani ja mai haske. Garken agwagin teku, mazan fari da baƙi, suna ta wani kuka mai taushi, su nutse gaba ɗaya su ɓullo can gaba. Mikiyar teku ta wuce ta samanmu, fikafikanta sun fi tsawon mutum. Ruwan garai-garai yake, kana hango farin yashi da ciyayin ƙasa. Kayak na teku siriri ne, tsawonsa ya haura mita biyar, kuma zama kake yi kusan daidai da fuskar ruwa, har ka ji kowane motsi na teku a ƙugunka.

Ba a daɗe ba Malama ta matso kusa da ni ta ce in sassauta riƙo. Sabon matuƙi yakan damƙe sanda da ƙarfi ko bai sani ba, damƙar kuwa tana matse ƙananan jijiyoyin yatsu. Ta nuna mini yadda hannun da ke sama, mai turawa, zai iya buɗe yatsunsa a kowane bugu, ya tura da tafi kawai, sannan ya sake rufewa in ya sauko. Buɗe, rufe, buɗe, rufe, kamar famfo. Ƙarfin tuƙin kuma daga juyawar ƙugu da baya yake fitowa, ba daga hannu ba, wanda hakan ke sa manyan tsokoki su yi aiki, jiki ya ɗumama. Ta sa na rage ɗaga filafili sama don kada ruwa ya riƙa gangarowa ta sanda ya shige cikin pogi, ta gyara mini zoben robar da ke tare ɗigon ruwa. Nata filafilin na katako ne, siriri, irin na mutanen Girinlan. Ta ce katako ba ya satar ɗumin hannu kamar sandar alminiyom, wadda ba ta yarda kowa ya riƙe ta a hunturu.

A kudancin Hakoya muka tsagaita. Nan ne jirgin yaƙin Jamus, Tirpitz, ya kife ranar 12 ga Nuwamba 1944, bayan jiragen saman Birtaniya ƙirar Lancaster sun yi masa ruwan bama-bamai masu nauyin fiye da tan biyar kowanne. Tsawonsa ya kai mita 250, kuma mutane wajen dubu suka mutu a cikinsa. Bayan yaƙi an yi shekaru ana yanka ƙarfensa ana kwashewa, amma ramukan bama-baman da suka kuskure suna nan a bakin gaɓa, akwai kuma abin tunawa da aka yi da wani ɓangare na ƙarfen jirgin. Muka yi shiru muna shawagi a wurin. Minti kaɗan ne, amma tsayuwar nan ta nuna mini abin da ba a gani in ana tafiya: da ka daina tuƙi, sanyi ya same ka. Iska ta ɗan taso daga kudu, na ji ƙananan yatsuna biyu sun fara yin nisa da ni.

A gida, abin da hunturu ke yi wa hannu bai wuce kaushi da tsagewar fata ba, ka shafa man kaɗanya ka ci gaba da harkarka. Wannan sanyin ba ya tsayawa a fata, aikin hannun yake ƙwacewa, kuma a hankali yake yi ba tare da sallama ba. Idan jiki ya ji sanyi, abin da ya fi damunsa shi ne zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa, sai ya tsuke jijiyoyin jinin hannu da ƙafa don ya tattara ɗumi a tsakiya. Fatar yatsa in ta sauka zuwa wajen digiri 15, ƙananan ayyuka irin su jan zif da danna maɓalli sun fara gagara. In ta yi ƙasa da 8, ji ma ɗaukewa yake yi. Ruwa kuwa yana janye ɗumi daga fata fiye da iska kusan sau 25. Wani abin da ban taɓa lura da shi ba sai a wannan tafiya: yawancin tsokokin da ke lanƙwasa yatsu ba a tafin hannu suke ba, suna tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu ne. Ka rufe yatsu da safa mai tsada ka bar wannan wuri da riga shara-shara, riƙonka zai mutu duk da haka. Masu binciken rundunar sojan Kanada sun taɓa gwada ɗumama ƙirji da bayan mutum kawai da riga mai lantarki, suka tarar yatsunsa sun daɗe da ɗumi cikin tsananin sanyi ko babu safa. Shi ya sa da na faɗa wa Malama halin da yatsuna ke ciki, abin da ta fara cewa shi ne in ja hular rigata in rufe kai da wuya, in ci wani abu, sannan in ƙara saurin tuƙi.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye, wanda nake so duk ɗan Afirka da ke zaune a ƙasashen sanyi ya sani. Jiki yana da wata dabara da likitan Ingila Thomas Lewis ya bayyana a 1930: in yatsu sun daɗe cikin sanyi, jijiyoyin sukan buɗe na ɗan lokaci jini mai ɗumi ya kwararo, su sake rufewa, haka bi da bi. Wannan dabara ba ƙarfinta ɗaya ba a jikin kowa. Masunta da suka saba da ruwan sanyi tasu takan zo da wuri. Bincike a rundunar sojan Birtaniya kuma ya nuna sojoji 'yan asalin Afirka sun fi takwarorinsu Turawa kamuwa da lahanin sanyi a hannu da ƙafa nesa ba kusa ba, irin lahanin da kan bar mutum da zogi da rashin jure sanyi na tsawon shekaru. Wannan ba ragwanci ba ne, halitta ce. Don haka ban ga dalilin da zai sa in auna kaina da abokina da aka haifa a Finnmark, can ƙuryar arewacin Norwe, ba, wanda ke cire safa ya ɗaure igiya hankali kwance. Ni nakan riga kowa sa safa, in riga kowa faɗin cewa hannuna ya fara sanyi.

Malama tana da gwajin da take sa mu yi lokaci-lokaci. Ka haɗa babban yatsa da ƙaramin yatsa su taɓa juna. In sun haɗu cikin sauƙi, lafiya. In sai da ƙyar, ko sun ƙi, to lokacin tsayawa ya yi, ba sai an kai inda aka nufa ba. Tambayarta kullum ba "kana jin sanyi?" ba ce, domin kowa na ji. "Za ka iya buɗe aljihunka ka ciro usur?" take cewa. "Za ka iya danna rediyo?"

Muka sauka a wata 'yar gaɓa mai yashi da duwatsu suka kare daga iska. Kafin komai kowa ya zura babbar riga a kan kayansa, aka cire jiƙaƙƙun safofi, aka share hannu da tawul, aka sa busassun safofin ulu da suka taho cikin jakar da ruwa ba ya shiga. Ta sa muka tsaya muna wulwula hannuwa daga kafaɗa, da ƙarfi, don jini ya gangara ƙarshen yatsu. Wanda nasa suka yi tsanani ya zura su a hammata ko a wuya, fata da fata. Can sai jinin ya dawo mini. Ban taɓa jin irin wannan zogi ba: kamar ana tura allura a ƙarƙashin kowane farce, har zuciyata ta tashi. Norwejiyawa suna ce masa neglesprett, kuma sun san shi tun suna yara. Malama ta dafa kafaɗata ta ce in yi haƙuri, minti kaɗan ne, kuma alama ce mai kyau. Yatsan da ya yi fari ya ƙandare, ba ya zogi ba ya jin taɓi, shi ne abin tsoro. Irin wannan ba a murza shi, ba a goga masa ƙanƙara kamar yadda mutanen da ke yi, ba a kuma kanga shi a wuta, domin fatar da ba ta ji tana iya ƙonewa mai ita bai sani ba. Ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37 zuwa 39, shi ake sa shi ciki, sannan a nemi likita.

Aka buɗe filas. Ruwan 'ya'yan itace mai zafi da zaƙi, burodi da cukunsu mai ruwan ƙasa, da cakulan. Wani ya ciro sigari, Malama ta girgiza kai, ta ce nikotin na tsuke jijiyoyin da muka sha wahalar buɗewa yanzu. Giya ma ba ta yarda da ita a kan ruwa: tana sa mutum ya ji ɗumi alhali ɗumin fita yake yi. Ni kuwa na riƙe alwalata tun daga gida, saboda na san wanke hannu a wannan gaɓa ba ƙaramin abu ba ne. Na shimfiɗa 'yar tabarmar roba a kan dusar ƙanƙara na yi azahar. Musulmin Tromso suna da masallaci a tsakiyar gari, Alnor, kuma a watannin da rana ba ta fitowa ko ba ta faɗuwa, lokutan Makka suke bi.

Kafin mu juya aka yi atisayen ceto a wuri marar zurfi kusa da gaɓa. Abokina ne ya yarda ya kife da gangan. Wani masani a Jami'ar Manitoba ta Kanada, Gordon Giesbrecht, ya taƙaita abin da ruwan sanyi ke yi wa mutum da lambobi uku, 1-10-1: minti ɗaya na firgita da haki wanda dole ka shawo kan numfashinka a cikinsa, kamar minti goma da gaɓoɓinka za su yi maka aiki, sannan wajen awa ɗaya kafin sanyi ya gusar da hankali. Minti goman nan na hannu ne. Na ga haka da idona. Ya ɓullo yana haki, ya kama jirginsa, ni na matso na jawo gaban jirgin bisa cinyata na zubar da ruwan, na juya shi, na rungume shi da ƙirji don ya hau. Duk wannan a wajen pogi ake yinsa, hannu cikin ruwa. Siririyar safar nan da Malama ta dage in sa, ita ta ba ni damar riƙe igiyar gefen jirgi har ya zauna. Shi kuwa da ya zo mayar da zanen robar bakin jirginsa, aikin da yake yi cikin daƙiƙa kaɗan a kan tudu, sai da na kama masa gefe ɗaya. Bai fi minti uku a ruwa ba.

A hanyar komawa, iska na bayanmu, Malama ta ba ni labarin mafarautan Girinlan, waɗanda kakanninsu suka ƙago wannan jirgi. Safar hannunsu ta tuƙi da fatar wata dabbar teku da ake kira sil ake ɗinka ta, kuma kowace tana da gidan babban yatsa biyu, ɗaya ta kowane gefe. In tafin ya jiƙe ya yi santsi, sai mafarauci ya juya ta ya ci gaba da ɗaya fuskar. Mutanen da abincin iyalinsu ya dogara da jifan mashi daga cikin kayak sun san hannun da ba ya riƙo ba shi da amfani, kome ɗuminsa.

Mun iso gaɓa rana ta riga ta faɗa bayan duwatsu, sanyi ya ƙaru. A nan ne, in ji Malama, ta fi ganin mutane na jin ciwo, domin an gaji, an daina motsi, jiki ya jiƙe da gumi, ga igiyoyi masu ƙanƙara da ƙarafan saman mota suna jira. Ba ta bar kowa ya taɓa jirgi ba sai da muka canja kaya, muka sha sauran abin da ke filas, muka sa busassun safofin aiki da ta ajiye musamman a kan hitar mota. Ruwan da ke jikin jiragen ya riga ya zama ƙanƙara kafin mu ɗora su, muka ɗaure su bibbiyu, ɗaya na riƙewa ɗaya na ja, muka kama hanyar gadar Sandnessund zuwa cikin gari.